Abincin Doki: Tambayoyin Masu Barga da Amsoshinsu

Duk shekara, da an ga watan azumi, sai tambayoyi su fara shigowa daga masu dawaki. Wannan nasa ya rame, wancan nasa ya ƙi dusa, wani kuma yana neman abin da zai ba ingarmansa ya cika sirdi kafin hawan Sallah. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa a nan. Na tashi a gidan da ba a rasa doki biyu ko uku a turke, kuma yawancin dawakin da na ga sun lalace, gata ne ya yi musu yawa ta inda bai kamata ba. Amsoshin nan na lafiyayyen doki ne. Wanda ciwo ya kayar, likitan dabbobi ne zai faɗi abin da za a ba shi.

Me ya sa ba a ciyar da doki yadda ake ciyar da sa ko ragon layya?

Saboda cikinsu ba ɗaya ba ne. Saniya tumbinta ɗaki huɗu ne, ta cika shi da sauri, ta koma inuwa tana tuƙa. Doki tumbinsa ɗaya ne, kuma ƙarami idan aka dubi girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Abinci ba ya daɗewa a ciki sai ya zarce ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 20, daga nan ya faɗa wata babbar jaka da babban hanji, inda ainihin aikin yake. A can ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke sarrafa ciyawa sannu a hankali, su mayar da ita ƙarfin da doki ke sukuwa da shi.

Allah ya halicci doki yana tafe yana tsinkar ciyawa. In aka sake shi a makiyaya yakan shafe awa 14 zuwa 16 a rana kansa a ƙasa. Tumbinsa yana zubo ruwan tsami dare da rana, ko da abinci ko babu, yawun da ke kashe kaifin tsamin kuwa ba ya zubowa sai yana tauna. To ka ga dokin da aka zuba wa gero da safe ya lashe cikin minti ashirin, ya wuni a turke ba abin taunawa, tsamin nan bangon tumbinsa zai koma ci. Daga nan gyambon ciki ke farawa, da gwaguyar turke, da lasar bango.

Sannan doki ba ya amai. Ƙofar tumbinsa shiga kawai take bari. Abin da ya haɗiya, mai kyau ko marar kyau, sai ya bi hanyar nan har ƙarshenta.

Nawa ya kamata doki ya ci a rana?

Da nauyinsa ake lissafi: wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a busasshen abinci. Ba kowa ke da sikelin da zai ɗauki doki ba, amma tef ɗin tela ya isa. A zagaya ƙirjinsa daidai inda majayi ke bi, a rubuta santimita nawa ne. A auna tsawonsa daga ƙashin kafaɗa na gaba zuwa ƙarshen ɗuwawu. A ninka awon ƙirjin da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,877. Misali ƙirji 160, tsawo 150, lissafin zai ba da kilo 323 ko kusa da haka, wanda shi ne girman da yawa daga dawakinmu na gida.

Irin wannan dokin abincinsa na rana wajen kilo 6 da rabi ne. A ciki, aƙalla kilo 5 ya zama harawa da ciyawa. Abin da ya rage shi ne gurbin hatsi da dusa, shi ma in yana aiki. Dokin da ke tsaye a barga ba hawa ba kilisa, harawa mai kyau da gishiri da ruwa sun riƙe shi.

Matsalarmu da dami da kwano muke awo. Damin harawar wannan kasuwa ba ɗaya yake da na waccan ba, kuma kwanon gero ya fi kwanon dusa nauyi nesa ba kusa ba. A sayi ƙaramin sikelin rataye, a auna dami ɗaya da kwano ɗaya na kowane abu sau ɗaya, a rubuta a bangon barga da gawayi. Ɗanyar ciyawa kuma mafi yawanta ruwa ne, don haka sai an ninka ta kamar sau huɗu kafin ta maye gurbin busasshiya.

Harawar wake ko ta gyaɗa, wacce ta fi?

Duka biyun abinci ne na ƙwarai, ba zan ɗora ɗaya a kan ɗaya ba. Ciyawar da ta bushe a tsaye a daji cikin rani furotin ɗinta, wato sinadarin gina jiki, yakan faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, alhali babban dokin da ba ya aiki ma yana bukatar kashi 8 zuwa 10. Harawa mai ganye takan haura 10, ga ta da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi.

Abin dubawa shi ne yadda aka adana ta. Amfanin yana cikin ganye, harawar da ganyenta ya kakkaɓe saura igiya kuɗinka ka zubar. A buɗe tsakiyar damin, a shanshana. Kore mai ƙamshi ita ake so. Wadda ta yi baƙi-baƙi, ko take tashin farar ƙura mai warin fumfuna, ruwa ya taɓa ta, kada a ba doki ko kyauta aka bayar. Ta gyaɗa kuma da saiwa ake tuge ta, tana zuwa da ƙasa da yashi, sai an kakkaɓe ta sosai.

Ni na fi son a raba biyu, rabi harawa rabi ingirici, musamman na harkiya da gude-gude, ko kyasuwar da aka yanka tun ba ta fitar da kai ba. Ingirici yana sa shi ya daɗe yana tauna, ya kuma sa harawar ta kai ka damina.

Gero, dawa ko masara: wanne za a ba shi, kuma nawa a zubi ɗaya?

Kowanne yana yi in an gyara shi. Gero ƙwayarsa ƙanana ce, doki mai haɗama yakan haɗiye ta ba tauna. In ka ga kaji na rububin kashin dokinka, geronka suke tsinta. A jiƙa shi ko a ɓarza. Dawa ma haka, ƙwayarta tauri gare ta. Masara ta fi su ƙarfi, ta kuma fi su haɗari, don sitacinta ba ya narkewa da kyau a ƙaramin hanji in aka ba da ita gaba ɗaya. Ɓarzajjiya ko dafaffiya ta fi. Hatsin da aka jiƙa kuma kada ya kwana cikin zafin bazara, tsami yake yi.

Iyakar zubi ɗaya rabin kilo ne ga kowane kilo 100 na nauyin doki. Dokinmu mai kilo 323 kada ya wuce kilo 1 da rabi a zama ɗaya, in an tsaya a kilo 1 ma ya fi. In aikinsa ya kai a ba shi kilo 2 a rana, a raba sau biyu ko uku. A fara ba shi harawa tukuna, hatsi ya biyo baya.

Ga abin da ke faruwa in an wuce iyaka. Sitacin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa yana gangarawa babban hanji, ya yi tsami kamar ƙullun da ya kwana. Tsamin ya kashe ƙwayoyin da ke sarrafa ciyawa, gubarsu ta shiga jini. Wani dokin ciwon ciki zai kama shi, wani kuma gubar ta sauka a kofato, naman da ke riƙe da ƙashin cikin kofaton ya kumbura. Za ka tarar kofatan gaba sun yi zafi, ya miƙa su gaba ya jingina nauyinsa baya, ko taku ɗaya ba ya so ya yi.

Wanda ke son dokinsa ya yi jiki ba tare da wannan kasada ba, ya gwada man gyaɗa ko man waken suya a kan dusa. Mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu. Sai dai doki ba shi da jakar maɗaciya, a fara da cokali biyu, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu har a kai kofin shayi ɗaya a rana.

Malam, dokina dusa ce abincinsa safe da yamma, yana da ƙiba, amma fuskarsa ta fara kumbura kuma yana ɗingishi. Sammu ne?

Kafin a kai ga wannan zance, a dubi komin dusar. Ƙashi da sinadarai biyu ake gina shi, kalsiyam da fosfaras, kuma jikin doki yana son na farkon ya fi na biyun yawa, kamar kashi biyu da kashi ɗaya. Dusa ta juya lissafin: a dusar alkama fosfaras ya ninka kalsiyam wajen sau goma. Dusar masara da ta shinkafa da hatsin kansa duk ɓangare ɗaya suka karkata. In doki ya yi watanni a kan haka, jikinsa sai ya shiga zarar kalsiyam daga ƙasusuwansa don ya cike giɓin da ke cikin jini. Ƙashin da aka zare wa ƙarfi sai ya yi laushi ya kumbura.

A fuska ake fara gani, tsakanin ido da hanci ya tasa, muƙamuƙi ya yi kauri, haƙora su fara girgiɗi, tauna ta yi masa wuya. Ɗingishin kuma yawo yake yi, yau ƙafar dama gobe ta hagu, shi ya sa mutane ke kai zargi wani wuri. A Ingila ta da, ciwon masu niƙa ake ce masa, domin dawakin masu injin niƙa, da dusa ke zuwar musu a banza, su suka fi kamuwa. Matasan dawaki da ke kan girma sun fi saurin faɗawa.

Maganin a abinci yake. A rage dusa, kada ta wuce kilo 1 a rana, a mayar da harawa ta zama uwar abinci, don ita ce mai kalsiyam. A shagunan kayan abincin kaji ana sayar da garin farin dutse da ake sa wa kajin ƙwai, wanda suke ce wa laimiston. Cokali biyu na cin abinci, wato giram 25 zuwa 30, a kan kowane kilo na dusa yana gyara lissafin. A tabbata garin dutsen ne zalla, ba farar ƙasar shafe ko ta gini ba. Dokin da fuskarsa ta riga ta tasa a huta da hawansa na watanni, don ƙashinsa na iya karyewa, a kuma nuna wa likita. Ɗingishin yakan tafi, kumburin fuskar kuwa ba lallai ya koma duka ba.

Dusa ba abar ƙi ba ce. A yayyafa mata ruwa kafin a zuba, kada ƙurarta ta shaƙe shi. A kuma damƙa ta a hannu tun a kasuwa, akwai masu cakuɗa ta da yashi da ɓuntun shinkafa.

Kanwa ta isa, ko sai an haɗa da gishiri?

Iyayenmu sun riƙi kanwa, kuma ban ce a daina ba. Amma kanwa daban, gishiri daban. Gumin doki gishiri ne yake fita da shi, kuma a aiki mai tsanani cikin zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa ɗaya. Farin busasshen da kake gani a ƙarƙashin sirdi bayan hawa shi ne shaida. Wani ɓangare na abin da ya fita, wato sinadarin kulorayid, kanwa ba ta mayar da shi yadda gishiri ke yi.

A ba shi cokali biyu na gishirin girki a rana cikin dusa, a ninka ranar da ya yi gumi sosai. A ajiye masa kantun gishiri irin na Bilma ko dunƙulen lasa na shagon magungunan dabbobi. Kanwa kuwa 'yar kaɗan, jefi-jefi. In ta yi yawa zawo take sa shi.

Ruwa fa? An ce kada a ba dokin da ya dawo daga sukuwa.

Dokin da ke hutawa a lokacin sanyi yana shan wajen lita 5 a rana ga kowane kilo 100 na jikinsa. A bazara, ga rana ga busasshiyar harawa, lita 40 zuwa 50 ba abin mamaki ba ne, wato jarka biyu. Shayarwa sau biyu a rana ba ta isa. Ruwa ya zauna a gabansa, a inuwa, a wanke mazubin kullum.

Maganar hana shi ruwa bayan gudu tsohon zance ne, har Turawa sun daɗe a kansa. Binciken da aka yi gabanin wasannin Olamfik na 1996 a Atlanta, garin da ke da zafi da gumi, ya nuna kwara wa doki ruwan sanyi da barinsa ya sha ba sa cutar da shi, taimakonsa suke yi. Ƙishinsa ya fi ƙarfi a mintocin farko bayan ya tsaya, in ka hana shi a lokacin, daga baya ba lallai ya sha isasshe ba. A bar shi ya sha rabin bokiti, a zaga da shi kaɗan, a sake ba shi. Hatsi ne ake jinkirtawa sai numfashinsa ya daidaita jikinsa ya huce.

Lokacin da ake mantawa shi ne hunturu. Ruwan da ya kwana a waje sanyi ƙarara, doki ya shanshana ya kau da kai, abinci kuma duk busasshe. Haka ciki ke ƙullewa. A sirka masa da ruwan zafi da asuba.

Saura wata guda Sallah. Yaya zan yi ya cika ido ranar hawa?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu ake so, tun Sha'aban in ƙaramar Sallah ce. Ƙwayoyin babban hanji suna bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin su saba da kowane sabon abinci, ko da canjin harawar wake zuwa ta gyaɗa ne. A fara da ƙara harawa. Hatsi kuma a riƙa ƙara kamar giram 250 duk bayan kwana uku, kilisa tana tafiya tare da shi. Kitse ba ya ɗaukar mahayi da kayan ado tun daga Hawan Sallah har Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a jere. Tsoka ce ke ɗauka, ita kuwa da kilisa ake samun ta.

Muna da wani kili a gida da mahaifina ke ji da shi. Daren wata Sallah, yaron da ke kula da barga, don ƙauna, ya zuba masa kwano guda cur na gero bayan rabonsa na yamma, wai gobe ya yi ƙarfi. Da asuba aka fito da sirdi da jalala, aka tarar da shi tsaye kamar an dasa shi, ƙafafun gaba a miƙe, gumi na tsattsafowa a wuyansa. Mahaifina ya durƙusa ya dafa kofaton, ya ɗago bai ce komai ba, ya sa aka mayar da kayan ɗaki. Yaron ya zo ya tsuguna yana cewa, "Baba, wallahi alheri na nufa." Ya ce masa, "Na sani, tashi ka ɗebo ruwa." Sai da dokin nan ya yi wata huɗu kafin a sake ɗora masa sirdi, kuma kofatonsa bai koma yadda yake ba.

In haka ta faru, ko doki ya kwance ya faɗa wa buhun hatsi, kada a jira alama. A kira likita nan take, a janye duk wani hatsi, a tsayar da ƙafafunsa cikin ruwa mai ƙanƙara. Sanyin yana rage ɓarnar in an fara da wuri.

Ranar hawa, hatsinsa ya riga sirdi da awa uku zuwa huɗu. Dab da ɗaura sirdi a ba shi ɗan runguman harawa, yana tare tsamin tumbi kada ya riƙa fantsama lokacin sukuwa. A bi shi da ruwa duk inda aka tsaya. Masu yi wa doki ɗura kuma su ji tsoron Allah, abin da aka tura masa da ƙarfi yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu.

Bayan Sallah sai a ci gaba da ba shi yadda aka saba?

A'a. Ranar da ba aiki a rage hatsi da rabi. A Turai, lokacin da dawaki ke jan amalanke, akwai abin da suke kira ciwon safiyar Litinin: doki ya huta Lahadi a kan cikakken hatsi, Litinin a fito da shi, tafiya kaɗan tsokar cinyoyinsa ta ɗaure, fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan zoɓo. In ka ga haka sauka, kada ka tilasta masa tafiya, ka nemi likita.

Yaya zan gane ciwon ciki, kuma me zan yi kafin likita ya iso?

Zai ƙi abinci, ya riƙa waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, ya kwanta ya tashi, wani har birgima. Lafiyayyen doki yana kashi sau 8 zuwa 12 a rana, in ka share barga da safe ka ga babu ko ya ragu, ko ya fito ƙanana busassu, ka sa ido. Bugun zuciyarsa a hutu 28 zuwa 44 ne a minti, ana jin sa a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. In ya haura 60 abin ya yi tsanani.

A kwashe abincin gabansa, a bar ruwa, a zaga da shi a hankali in yana iya tafiya. Kada a ɗura masa manja ko lemon kwalba ko kananzir, ta baki ko ta hanci.

Abu biyu ne ke yawan jawo shi a ƙasarmu bayan hatsi. Na farko yashi: dokin da ake zuba wa abinci a ƙasa yana haɗiyar rairayi kaɗan-kaɗan har ya taru a hanji. A ɗebi sabon kashinsa a farar leda, a zuba ruwa a dama, a rataye minti goma sha biyar. In yashi ya kwanta a gindin ledar, a koma zuba masa a komi ko a kan tabarma. Na biyu leda da igiyar buhu. Dokin da ake saki ya yi kiwo a bakin bola, ko wanda ake jefa wa dami ba a kwance igiyar roba ba, wata rana sai ta toshe shi.

Damina ta faɗi, zan iya sakinsa a sabuwar ciyawa?

Da kaɗan-kaɗan. Rabin awa a kwanakin farko, bayan ya ci harawa, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Ciyawar da aka yanko kada a bar ta cunkushe a buhu ta yi zafi. A kiyaye shi daga ƙaramar dawa da gyauronta, musamman wanda fari ya taɓa, akwai guba mai kisa a ciki, makiyaya sun san wannan tun da daɗewa. A tsince zaƙami da zurman da cin-da-zugu da tumfafiya daga duk abin da aka yanko.

Abincin kaji ko na shanun kiwo ya rage mini, zan iya ba doki?

Kada ka kuskura. Ana sa wa wasu abincin kaji da na shanu wani magani mai suna monensin da 'yan uwansa. Ga doki guba ce mai lalata tsokar zuciya, miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyinsa ya isa ya kashe shi, wato abin da bai kai giram ɗaya ba ga dokinmu na gida, kuma ba ta da makari. A 2024 dawaki gommai suka mutu a gona ɗaya a jihar Oklahoma ta Amurka saboda abincin da wannan magani ya shiga. Ko buhun da aka zuba abincin kaji kada a sa dusar doki a ciki.

Masarar da ta yi fumfuna tana taɓa ƙwaƙwalwar doki, ya riƙa zagaye yana karo da bango, kuma da wuya ya tashi. Ƙuliƙuli yana da furotin, amma na gyaɗar da ta ruɓe hanta yake ci. Ɗanyen ɓawon rogo da guryar auduga a bar wa shanu, musamman in dukushi ne. Rake da karas da dabino da kankana ba laifi a matsayin ɗan abin marmari, a yanka rake da karas a tsaye sirara, a cire ƙwallon dabino da na mangwaro.

Yana ci sosai amma ba ya ƙiba.

A buɗe bakinsa. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa milimita 2 zuwa 3 a shekara, turamen kuma sukan yi kaifi a gefe su riƙa yankar kunci da harshe. Alamarsa dunƙulen harawa da aka tauna rabi aka tofar a gindin komi. Likita yana goge su da magagari, sau ɗaya a shekara ya isa. Sai tsutsar ciki: a kai kashinsa a duba kafin a sayi magani, a kuma riƙa kwashe kashi daga inda yake cin abinci.

Kada a amince wa ido kaɗai. Akwai ma'aunin jiki daga 1 zuwa 9 da Don Henneke ya tsara a jami'ar Texas A&M a 1983, inda 5 ne daidai: ba ka ganin haƙarƙari daga nesa, amma da ka shafa za ka ji su. Babban tumbi ba ƙiba ba ne, sau da yawa tsutsa ce ko ciyawa marar amfani.

Na sayo ramamme a kasuwa da araha. In cika masa komi?

Nan ne ake kashe su. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka auka masa hatsi, sinadaran jininsa sukan rikice zuciya ta tsaya cikin kwana uku zuwa biyar. A fara da harawa mai ganye zalla, kamar rabin kilo duk bayan awa huɗu, kwana uku. A riƙa ƙarawa har kwana goma. Hatsi da dusa sai bayan mako biyu ko fiye. Wata uku zuwa biyar yake ɗauka kafin ya dawo doki.

Goɗiya mai ciki da ɗan dukushi fa?

Cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne, kuma mafi yawan girman ɗan a wata ukun ƙarshe yake yi. A nan ake ƙara mata harawa da ɗan hatsi. Shayarwa ta fi cikin cin jiki, tana iya ba da nonon da ya kai kashi 3 cikin 100 na nauyinta kullum, ruwan shanta ma kusan ninkawa yake. Dukushi ya sha dakashi cikin awannin farko, don bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina karɓar kariyar da ke ciki. Ana yaye shi a wata 4 zuwa 6. Kada a yi gaggawar ƙiba shi da dusa, shi ne ya fi kowa saurin kamuwa da kumburin fuskar nan da lalacewar gaɓoɓi.

Yaushe ya fi a sayi harawa, kuma ina za a ajiye ta?

Da kaka, lokacin da ake roron wake da cirar gyaɗa, tun kafin masu kiwon layya su shigo kasuwa. Wanda ya bari sai bazara zai saya da tsada, ya kuma samu wadda rana ta gama cinyewa. Lissafin mai sauƙi ne: kilo 5 a rana, daga Nuwamba zuwa Yuni kwana 240 ne, wato kilo 1,200 na harawa da ingirici ga doki ɗaya.

Ɗora ta a kan soro ko a reshen bishiya yana raba ta da awaki da gara, amma rana tana kashe korenta, ruwan farko kuma in ya zo ba sallama shi ke nan. Rumfa mai rufi ta fi, a shimfiɗa itace ko bulo a ƙasa, a bar tazarar hannu tsakaninta da bango don iska ta ratsa. A tabbata ta bushe sarai kafin a jibge ta. Bayan mako guda a cusa hannu tsakiyar tarin, in an ji ɗumi a warware a sake shanyawa.